'Yar Aruna Mai Gudun Ƙanƙara

Aruna direba ne a wani otal da ke bakin teku a Doha. Haifaffen Zongon Kumasi ne, ya haura shekara hamsin. Aikinsa ya ɗauko baƙi daga filin jirgi ya kai su otal, in sun gama abin da ya kawo su ya mayar da su. Yana kwana a unguwar Fereej Abdel Aziz, ɗaki ɗaya da wani Bakano mai suna Zulkiflu da ke gadi a banki. Matarsa Ajaratu da yaransu uku suna can Kumasi.

Yana da wata 'yar kuma da ta girme su duka. Lokacin samartaka Aruna ya zauna a Holan ba takarda, yana aiki a gonar furanni. A can ya haɗu da wata Baturiya, aka ɗaura musu aure a masallacin Turkawan garin, suka haifi mace, ya raɗa mata Zuleiha, sunan mahaifiyarsa. Yarinyar na koyon tafiya aka kama shi aka sa shi a jirgin Accra. Auren ya mutu, uwar ta yi wani, magana ta yanke. Sai da Zuleiha ta girma ta nemo shi da kanta a Facebook. Daga nan sukan yi wa juna rubutu jefi-jefi da Turanci, barka da salla da gaisuwar sabuwar shekara, ba su taɓa wuce haka ba.

Sana'arta gudu a kan ƙanƙara. Ana sa takalmi mai dogon ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, a duƙa, a goya hannu a baya, a yi ta zagaya fili. A Holan wasa ne da yaro da babba suka sani, kuma Zuleiha na cikin matan da ke wakiltar ƙasar.

Ranar da aka yi gasar duniya, cikin watan Maris, Aruna na zaune a mota a filin jirgi yana jiran wani baƙo da jirginsa ya makara. Ya jingina waya a sitiyari ya kalla. Mai sharhin da yaren Holan yake magana, Aruna na tsintar rabi yana rasa rabi. An haɗa Zuleiha da wata 'yar Japan. Zuleiha ta riga ta isa, amma ba ta yi murna ba, sai ta zuge hular kanta ta zauna a benci ta ƙura wa allo ido. Ya ɗauka wani laifi ta yi. Daga baya ya gane da agogo ake yi, sai kowa ya gama a ga wadda ta fi sauri. Da biyun ƙarshe suka gama, ya ga wani tsoho mai farin gashi ya rungume ta, mutane sun miƙe suna ihu, an rubuta sunanta a saman allo. Yana cikin kallon ana rataya mata lambar zinariya baƙon ya kira ya ce ya fito. Aruna ya kashe wayar ya tafi ɗauko jakunkuna.

Da yamma ya nuna wa Zulkiflu.

"Baba Aruna, wannan 'yarka ce? Ta cikinka?"

"Tawa ce."

Zulkiflu ya matso da wayar kusa da fuskarsa. "Wallahi hancinku ɗaya. To duniya gaba ɗaya ta zo ta ɗaya, kai kuma kana nan kana shan shayi kamar ba a yi komai ba?"

"To me zan yi?"

Kafin Juma'a ta zagayo babu ɗan Zongon da ke salla a masallacinsu da bai ga bidiyon ba.

Cikin Afrilu Zuleiha ta rubuto cewa za ta zo Doha. Gwiwarta ta hagu na damun ta, an ce ta je wani asibitin 'yan wasa da ke nan a duba. Ta ce in yana da sarari za ta so su haɗu.

Ya same ta a zauren asibitin. Ta fi yadda ya zata tsayi, cinyoyinta sun cika wandon da ta sa, gashinta a ɗaure ta baya. Ta miƙo masa hannu suka gaisa. Ya gwada yi mata magana da yaren Holan, ta saurara har ya gama, sannan ta yi murmushi ta ce yana magana kamar tsofaffin manoman ƙauye. Suka koma Turanci. Da sunansa take kiransa, Aruna.

"Ina kake so mu je?" ta tambaye shi.

Ya lissafa mata wuraren da yake kai baƙi, kasuwar Waqif da gidan tarihi da bakin teku.

"Duk wannan zan iya gani da kaina. Kai ni inda kake cin abinci."

A unguwar Mansura akwai wata mata 'yar unguwar Nima ta Accra, Hajiya Maimunat, da ke dafa abincin gida a falonta a hawa na biyu. Aruna ya kira ta ya ce zai zo da baƙuwa, a ajiye musu wake da shinkafa na mutum biyu. Da suka isa suka tarar da takalma jibge a bakin ƙofa. Falon cike yake, har an rataya tutar Ghana a jikin labule. Alhaji Rashad, shugaban ƙungiyar 'yan Zongo a Doha, ya sha babbar riga yana zaune a kujerar tsakiya.

Zuleiha ta dubi Aruna. Ya ce mata bai san da wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Aka yi addu'a, aka yi hotuna. Hajiya Maimunat ta yafa mata mayafi a kafaɗa ta ce, "Maman Aruna, sannu da zuwa," tunda sunan uwarsa gare ta. Aka kawo abinci da shito, soyayyen yajin nan na Ghana, da dafaffen ƙwai. Ta fara ci kenan Alhaji Rashad ya miƙe ya yi jawabi da Turanci. Ya ce ba a taɓa jin 'yar Zongo ta ci duniya a kan ƙanƙara ba, ya ce jinin Ghana ne a jikinta, kuma yana da mutane a Accra da za su iya shirya mata takardu. A madadin jama'a yana roƙon ta gasa ta gaba ta yi wa Ghana gudu. Aka tafa.

Zuleiha ta ajiye cokali. Ta gode musu da abincin da kuma mayafin. Sannan ta ce, "Ba zan iya ba. Kocin da ya ɗauke ni tun ina ƙarama yana nan, shi kuka gani ya rungume ni. 'Yan matan da muke atisaye tare su ne ƙawayena. Ghana kuwa ban taɓa taka ta ba. In na ce muku zan duba, ƙarya zan yi muku."

Alhaji Rashad ya juya wajen Aruna ya koma Hausa.

"Aruna, kai ne uba. Ka yi mata magana mana."

"Alhaji, ban taɓa kai ta filin nan ko sau ɗaya ba. Wanda ya yi ta tashi da sanyin safiya yana kai ta, mijin uwarta ne. Ni da wane baki zan ce ta canza tuta?"

"To ai shi ke nan, khalas," in ji Alhaji, ya zauna.

Zuleiha ta tambayi abin da aka ce. Aruna ya faɗa mata yadda aka yi, bai rage komai ba. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da cin abincinta. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu na da aikin yamma, wasu kuma abin da ya kawo su ya ƙare.

A mota ta tambaye shi labarin mai sunanta. Ya ce ta rasu da daɗewa, koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, kuma duk unguwar ana shakkar bakinta.

"Tana da gudu?"

"Sau ɗaya na ga tana gudu. Akuyar maƙwabta ce ta sa kai a cikin kwanon ƙullu."

"Ta kama ta?"

"Ta kama ta."

Zuleiha ta yi dariya har ta dafa gilashin motar.

Washegari yana hutu. Ta ce tunda ya kai ta wurinsa, ita ma za ta kai shi wurinta. A cikin wani babban mol akwai filin ƙanƙara a tsakiyar shaguna, iyaye na tsaye a gefe suna ɗaukar 'ya'yansu hoto. Likita ya yarda ta hau in dai a hankali ne. Ta tambaye shi ko ya taɓa hawa lokacin da yake Holan. Ya ce a'a, ya dai sha ganin mutane a kan magudanan ruwa in sun daskare, amma a lokacin ba ya zuwa inda jama'a ke taruwa.

Suka karɓi takalman haya. Ta juya nata ta shafa ƙarfen da babban yatsa, ta yamutsa fuska. Ma'aikaciyar wurin, wata 'yar Filifin, ta gargaɗe su cewa wanda bai iya ba ya riƙe ƙarfen gefe. Zuleiha ta ce ta gode. Ba wanda ya san ta a wurin.

Ta durƙusa ta ɗaure masa igiyar takalmin da kanta, ta ja ta tamau har ya ce wash. Da suka shiga ƙafafunsa suka fara rabuwa, kowace na neman nata wuri. Ta kama hannayensa biyu tana tafiya da baya, tana fuskantarsa.

"Lanƙwasa gwiwa. Kada ka kalli ƙasa, ni za ka kalla. Yalla, ko ba haka kuke cewa a nan ba?"

Ya lanƙwasa, ya kalle ta. Sannu a hankali suka bar gefe har suka kai tsakiya. Sanyi na tasowa ta ƙafar wandonsa. Ta saki hannunsa ɗaya, ya tsaya bai faɗi ba, ta ce ya yi ƙoƙari. Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Shekaru ya yi yana ɗaukar kiran otal tun kafin ya yi ƙara ta biyu, don haka hannun ya tafi aljihu bai yi shawara da shi ba. Ƙafafun suka zame gaba, ya tafi ta baya, ya tokare da hannun dama.

A asibiti hoto ya nuna ƙashin wuyan hannun ya tsage. Aka naɗe shi da filasta aka ce ba tuƙi sai ya warke. Zuleiha na tsaye a bakin gadon, fuskarta ta yi fari, tana ta ba shi haƙuri. Ta ce ita ta saki hannunsa. Ya ce wayar ce, kuma da ya duba ma ba otal ba ne, Zulkiflu ne ke tambayar inda aka ajiye makullin ɗaki.

Shugabansa a otal ya yi faɗa, sannan ya mayar da shi tsayuwa a ƙofar fitowar fasinjoji yana riƙe allon sunayen baƙi da hannun hagu, wani direban na tuƙawa. Aikin safe ne, don haka yammacinsa ya zama nasa. Sauran kwanakin da suka rage mata a Doha, Zuleiha kan hau jirgin ƙasa na Metro bayan ta gama da likitoci ta same shi a wani ɗan shagon shayi kusa da gidansu. Gidan na maza ne zalla, ba ta shiga. Sukan sha karak, shayi mai madara, ta yayyaga masa burodi tunda hannu ɗaya gare shi. Ta ba shi labarin uwarta, wadda yanzu ciwon baya ya hana ta aiki, da na mijin uwar, mai gyaran kekuna. Ta ce lokacin tana yarinya ita kaɗai ce baƙa a filin, akwai iyayen da kan tambaye ta ko ta ɓata hanya ne. Ba ta tambaye shi dalilin da bai neme ta ba, shi ma bai ɗauko zancen ba. Wata rana Ajaratu ta kira ta bidiyo suna zaune, ya miƙa wa Zuleiha wayar. Matan biyu suka gaisa da ɗan Turancin da Ajaratu ke ji, yaran na leƙowa ta bayanta.

Likitoci suka ce gwiwar sai an yi aiki. Ta zaɓi a yi mata a gida. Ranar tafiyarta Aruna na bakin aiki a filin jirgin, ya roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa allo, ya hau sama ya raka ta har inda ake tsayar da masu rakiya. Ta rungume shi ta gefen hagu don kada ta taɓa hannun, ta wuce.

An yi aikin lafiya, amma ta rasa farkon kakar wasan da ta biyo baya. Da gasar duniya ta zagayo ta zo ta biyar, wata 'yar Kanada ce ta ci. Aruna ya koma tuƙi, sai dai hannun kan yi masa tsami in sanyin mota ya yi yawa. Alhaji Rashad ya ɗan ja baya da shi na wani lokaci, daga baya suka ci gaba da gaisawa kamar da.

Da hutunsa na shekara ya zo a watan Yuli, Zuleiha ta ce ita ma tana da sarari. Shi ya tashi daga Doha, ita daga Amsterdam, suka haɗu a Accra suka hau motar Kumasi. Ana ruwa suka isa. Ajaratu da yaran suna tasha suna jiran su da lema biyu.