Furfurar Zambo

Duk kasuwar Mokolo babu mai kitso da ta kai Eyenga sanin gashi, amma gashin ɗanta ne ya fi ƙarfinta. Zambo ya zo duniya da kai fari fat mai ƙyalli kamar sabon cokali, alhali fatarsa ba ta zabiya ba ce. Matan layin masu kifi kuwa, waɗanda bakinsu ba ya hutu ko ranar Lahadi, suka samu abin yi.

"Uwar tsoho, ina kwana? Kakanmu ya tashi lafiya?"

"Ku tambaye shi inda ya binne takardun gona mana, tunda ya dawo!"

Dariya suke yi, amma a bayan idonta maganar ba ta dariya ba ce. Ɗanta na fari, Ondoa, da irin wannan kan ya zo, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin ya iya kiran sunanta sosai. Har da masu cewa yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa. Don haka Eyenga ta yi abin da ta iya. Duk sanda fari ya leƙo, sai ta zaunar da Zambo a bayan rumfa ta shafe shi da baƙin rini. Aikin gwana ne, ko surukarta ta ɗauka gashin ya baƙanta da kansa.

Da ya shiga shekara ta uku zazzaɓi ya kama shi, irin na yayansa sak. Aka yi maganin cizon sauro, aka yi na taifot, aka sake na cizon sauro. Ciki ya kumbura, ido ya yi fari, yaron da ke cinye ƙullin bobolon rogo guda shi kaɗai ya koma ko ruwa sai da lallashi. Aka ba su gado a babban asibiti, kwanaki suka yi ta tafiya, Eyenga ta manta da wani rini. Tsoro ne kawai a ranta, don ta san ƙarshen wannan hanyar.

Wata safiya Dakta Bilounga ta zo zagaye. Gajeriyar mace ce mai furfurar da ba ta taɓa ɓoyewa ba, ga faɗa, ɗalibai na jin takunta suke gyara tsayuwa. Ta taɓa saifar yaron, ta duba ido, ta shafa kansa za ta wuce. Sai ta tsaya. Ta buɗa gashin da yatsu biyu, daidai yadda mai kitso ke fitar da tsaga.

"Wa ya rina kan nan?"

Eyenga ta amsa, "Ni ce, Dakta."

"Ke ce! Mun zuƙe jinin yaro muna neman amsa, ashe kin bi ta da fenti." Ta yi tsaki, ta sake dubawa. "Amma fa kin iya aiki, 'yar'uwata. Har ni kin rufe wa ido. Ba ni almakashi."

Ta yanki 'yan silin gashin daga tushe ta tafi da su. Kafin azahar ta aiko a kira Eyenga zuwa wani ɗan ɗaki mai warin magani, ta tura mata na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa.

"Ke ce masaniyar gashi. Na hagu nawa ne, daga inda bai yi furfura ba. Na dama na ɗanki. Me kika gani?"

Eyenga ta kanne ido ɗaya ta leƙa. Na Dakta baƙin ya bazu ko'ina sumul. Na Zambo kuwa baƙin yana nan, amma dunƙule-dunƙule, nan tuli, can wayam.

"Ashe yana da baƙin," ta ce a hankali. "Ba a raba shi ba ne."

"Yauwa! Ɗalibaina sai na yi musu bayani sau uku." Dakta ta ja kujera. "Kin san masu turin baro na Mokolo? Kaya na cikin sito, mai saye na bakin titi, in babu su babu ciniki. To kowace ƙwayar jikinmu tana ƙulla kayanta cikin 'yan ƙananan jakunkuna, kuma akwai wani sinadari, furotin, da ke kai su bakin ƙofa a sauke. Mu muna ce masa Rab27a. Shi ke kai baƙi inda za a raba wa gashi. Shi ne kuma ke kai wa sojojin jini makaminsu bakin ƙofa idan sun cafke cuta. Na ɗanki ba ya aiki. Sojojin sun riƙe abokin gaba, sun kasa harbi, sai ihun neman agaji suke yi, jiki duk ya ɗauki wuta."

Eyenga ta sake leƙa na'urar. Shekara da shekaru hannunta na cikin baƙin gashin mutane, ba ta taɓa tunanin akwai mai dakon da ke kawo baƙin ba. Ɗan abin da ido ba ya gani, ba ya yajin aiki, ba ya jiran godiya, a cikin kowa, har da matan layin kifi. Abin ya ba ta mamaki, ya kuma ba ta tausayin ɗanta.

"Daga gare ni ya samo?"

"Daga ke da ubansa, rabi da rabi. Ba maita, ba kakan kowa. Yau za mu fara maganin da zai kwantar da sojojin. Warkewa ta dindindin sai an yi dashen ɓargo, tafiya ce mai nisa, ba zan yi miki ƙarya ba. Kuna da wani ɗa ko 'ya?"

"Nnomo. Kanta baƙi ƙirin."

"Ki kawo ta mu gwada jininta, mu ga ko ɓargonta zai dace da nasa."

Eyenga ta miƙe, ta kai ƙofa, ta kasa fita. "Dakta, Ondoa ma na rina masa. Da na bar kansa yadda yake..."

Dakta Bilounga ba ta kau da kai ba. "Ban sani ba. Wataƙila da an gane, wataƙila da ba a gane ba. Wannan dai mun gane."

Eyenga ta yi kukan da ba ta yi ba ranar binne Ondoa, Dakta ta bar ta ta yi abinta.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka. Zambo ya buɗe ido ya ce shi ƙosai da wake yake so, har ya yi rigima da aka ce sai kunu. Uwarsa ta zaunar da shi a cinya, ta ɗauko almakashinta mafi kaifi, ta bi kan a hankali tana zubar da baƙin a kan zane, har ya rage farin kaɗai yana ƙyalli.

Matar gadon kusa ta leƙo. "Kai, madam, ba za ki sa masa hula ba? Mutane fa za su yi ta kallo."

"Su kalla," in ji Eyenga, tana hure guntun gashi daga kunnensa. "Na yayansa ɓoyewa na yi, ba likitan da ya gani."