Baƙon da Ya Tsiro Cikin Tumatir

Mai Iri ake ce mata a unguwa, sunan kuma ya bi ta har intanet. Bayan ta ajiye aikin jinya sai ta mayar da ɗakin ajiyar gidanta shago. Ta jera kwalabe a kantar shagon, kowace da irin da ke cikinta: tumatir, latas, karas, barkono, da furanni kala-kala. Mai saye ya zaɓa a shafinta, ita ta zuba a 'yar ambulan ta liƙe, mai babur ya zo ya kwasa. Ciniki dai ba yabo ba fallasa, wata rana a samu, wata rana ta wuni tana goge kwalabe.

Ƙanwarta Auta, wadda ke aiki a wani ofishin inshora, ita ta kawo shawarar wasiƙa.

"Yaya, duk wanda ya taɓa saye a wurinki ai ya bar miki imel ɗinsa. Wanda ya yarda, ki riƙa aika masa wasiƙa duk mako, kada a manta da ke."

Ta zauna ta haɗa mata komai a tsohuwar kwamfutar gidan, har ta nuna mata inda ake ganin waɗanda suka buɗe saƙo.

"Tsaya," in ji Mai Iri, ta gyara tabarau. "Wato mutum yana ɗakinsa ya buɗe wasiƙata, ni ina nan in sani?"

"Ƙwarai kuwa."

"To wannan ai sa ido ne, Auta."

Sa idon bai yi mata daɗi ba. Mako bayan mako tana rubuta rangwame da sabon kaya da a yi sauri kafin ya ƙare, in ta leƙa sai ta tarar 'yan tsiraru ne suka buɗe. Ta kai kuka wurin maigidanta, wanda ke gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, yana tsugune a tsakar gida da wata fanka a wargaje gabansa.

"Gaskiya ko ni da nake aurenki ban buɗe ba," ya ce. "Kullum magana ɗaya, kamar mai tallan maganin ɓera."

Ta harare shi, amma maganar ta zauna mata.

Wata safiya tana ba tsiron tumatir ruwa a faranti, sai ta ga wani abu da ba ta shuka ba. Ganyensa biyu masu faɗi, karansa mai kauri, ya tsaya a tsakiyar tumatir kamar babban mutum cikin 'yan firamare. Har ta kai hannu za ta tuge shi, sai ta fasa. Ta san dai dangin kabewa ne, amma dangin nan suna da yawa, kuma a jarirai duk kamarsu ɗaya. Wane ne wannan? Ta ina ya shigo, alhali ƙasar ma ita ta tankaɗe ta da hannunta? Ta nemo tsohon bokitin fenti, ta huda gindinsa, ta dasa tsiron a ciki, ta ajiye a jikin katanga.

Ranar wasiƙa ta zo, ta zauna gaban kwamfuta, ta ji ko kalmar rangwame ba ta son gani. Ta fita ta ɗauki hoton tsiron, ta dawo ta rubuta: "Jama'a, na yi baƙo cikin tumatir ɗina, kuma bai faɗi sunansa ba. Wa ya san shi?" Ta aika kafin ta sake tunani.

Auta ta kira ta daga ofis, murya ƙasa-ƙasa don kada oga ya ji.

"Yaya, me na gani haka? Kina sayar da iri, kuma kina shelanta wa duniya ba ki san iri ba?"

"To ban san shi ba ɗin. Ƙarya zan yi?"

Kafin la'asar wayarta ta hana ta sakat. Wani tsohon hedimasta ya rubuto doguwar amsa mai sakin layi, ya ce kabewa ce, kuma bai ga abin gardama a ciki ba. Wata ungozoma ta ce kokwamba. Wani direban tasi ya rantse kankana ce, wai a kujerar bayan motarsa ma ta taɓa tsirowa. Wasu suka ce duma, wasu suka ce soso. Wata mata kuwa ba ta faɗi komai a kan tsiron ba, tambaya kawai ta yi: wane fenti ne a jikin katangar nan, ya yi mata kyau.

Mai Iri ta karanta kowace amsa har sau biyu. Da, ba ta san su ba sai a matsayin adireshi. Ashe wannan mai zafin kai ne, wancan mai barkwanci, wata kuma a bene take zaune, duk gonarta 'yan gwangwanaye ne a bakin taga.

Daga nan wasiƙar ta zama labarin Baƙo. Ya fitar da ganye mai kaushi, ta aika hoto. Ya miƙo 'yan siraran hannuwa ya kama igiyar shanya, ta aika hoto. A ƙasan kowane labari sai ta ɗan ambaci irin da ya dace a shuka a lokacin, layi biyu kacal. Oda ta fara ƙaruwa, kuma a gurbin da mai saye ke rubuta bayanin gidansa sai ta riƙa ganin "a gaida Baƙo". Mai babur ma in ya zo, kafin ya ɗauki kaya sai ya leƙa katanga.

Da fure ya fito rawaya, 'yan ɓangaren duma suka saduda, don sun ce nasu fari ne. Hedimasta ya rubuto yana taya kansa murna. Amma da ɗan ya fito sai ya zo dogo, kore, siriri, nan ungozoma ta aiko da kalma ɗaya: "To?"

Ita kanta Mai Iri abin ya hana ta sukuni. Da sassafe, ko shayi ba ta sha ba, take zuwa ta auna shi da tafin hannu. Kokwamba ba ta yin wannan tsawon. Kabewa ba ta yin wannan siffar. Ta shinshina, ta ƙwanƙwasa, ta kasa kunne kamar mai duba majinyaci.

Maigida ne haƙurinsa ya ƙare. Wata rana da rana ya dawo daga aiki, ya wanke hannu, ya tsinko mafi girma a cikin 'ya'yan Baƙo.

"Yau dai za a yi ta ta ƙare. Miƙo wuƙa."

"Baban yara, ba mu san ko mene ne ba fa."

"In na faɗi, ai ga ma'aikaciyar jinya a gida."

Ya yanka ya kai baki. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya ruga bakin famfo yana tofarwa yana kuskure baki. Ita ko kallonsa ba ta yi ba, hankalinta yana kan ɓarin da ya yar. Cikinsa wasu zaruruwa ne farare a sarƙe, kamar an saƙa raga. Ta sa yatsa ta ja. Sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ta shiga banɗaki ta fito da soson wanka, ta ajiye shi kusa da ɓarin.

"Soso ka ci, Baban yara! Tun ina yarinya nake cuɗa jiki da shi, ban taɓa ganinsa ɗanye ba."

Da Auta ta ji, dabara ta faɗo mata. "Kada ki faɗa tukuna, Yaya. Ki ja su zuwa wata mai zuwa. In kin faɗa, me zai sa su sake buɗewa?"

Mai Iri ta juya maganar, don ita ma tsoron ya ɗarsu a ranta. Amma mutanen nan da gaske suke tambaya, ita ma da gaske ta tambaye su. Ta rubuta komai a wasiƙar makon, har da fuskar maigida, da izininsa. Hedimasta ya amsa cewa ya karɓi hukunci, sai dai yana so a rubuta a tarihi cewa soso ɗan'uwan kabewa ne na jini. Da 'ya'yan suka bushe ta ɓare su, ta kaɗe baƙaƙen ƙwayoyin a tire, ta riƙa saka 'yan kaɗan kyauta cikin kowace oda. Yadda ya shigo farantin tumatir kuwa, har yau ba wanda ya sani.

Makon da ya biyo baya ta zauna gaban kwamfuta ba ta da abin cewa. Ta rubuta layi ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Tana cikin haka saƙo ya shigo daga wani mai aski. Hoto ne na wani tsiro mai jan kara da ganye kamar tafin agwagwa, ya fito ta tsagar siminti a ƙofar shagonsa. "Hajiya, ki tambayar mini jama'arki," ya rubuta. "Masu jiran layi sun kusa dambe a kansa."

Ta ƙara girman hoton, ta karkata kai hagu, ta karkata dama. Ba ta san shi ba. Ta saka shi a wasiƙa ta aika, sannan ta duba adireshin shagon, ta ga bai fi tafiyar mota ɗaya ba. Ta yafa mayafi, ta jefa ƙaramin cokalin haƙa a jaka.

"Ina zuwa kuma?" in ji maigida daga bayan wani firiji.

"Shagon aski."

Ya leƙo da kai, ya dube ta sama da ƙasa, ya ajiye sukudireba.

"Jira ni in sa takalmi. Dama gashina ya taru. Amma wallahi wannan karon ba ni za a ba ɗanɗano ba."