Sabuwar Sigar Shafin Ruwa

Allon kwamfutar ya yi fari fat, sai layi ɗaya na Turanci can sama yana cewa an samu matsala, a sake gwadawa an jima. Ummussalma ta sake latsawa. Shiru. Ta ɗauke hannu daga linzamin kwamfutar, ta goge gumin tafinta a gefen hijabi.

Ofishin ƙungiyar manoman fadama da masunta ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon takin zamani, bayan kasuwar kifi ta Haɗejiya. Taga ɗaya gare shi. In an buɗe, hayaƙin banda ya cika ɗakin, in an rufe, mutum ya dahu. A bayan ƙofa akwatunanta biyu ne a jingine, an ɗaure da igiya. Motar Kano za ta tashi bayan la'asar. Mijinta Usaini ya daɗe da komawa can da aiki, 'yarsu Amira ma tana wajensa tun makon jiya, ita kuma ranar Litinin za ta kama aiki a wani kamfanin manhaja da ya riga ya ɗaga mata ƙafa sau ɗaya.

Abin da ya rage mata a garin nan shi ne wannan shafi. Mutane suna ce masa shafin ruwa. Da damina, wakilan ƙungiya da ke bakin kogi sukan bugo waya kowace safiya su faɗi inda ruwa ya kai a jikin sandar awo. A shigar da awon a shafi. In ya wuce jan layi, shafin da kansa ya tura saƙo wayoyin masu unguwanni da manoma, tun daga ƙauyukan Kafin Hausa har zuwa Birniwa, su kwashe hatsi da dabbobi su hau tudu. An gina shi ne a kan Drupal, manhaja ta kowa da kowa wadda ake ɗauka kyauta, duk mai so ya buɗe cikinta ya gyara. Sai dai sigar da suke kai ta tsufa, masu kula da ita sun daina toshe mata kafa. A watan jiya masu kutse suka shiga suka liƙa tallar caca a daidai inda ake rubuta awon ruwa. Kamfanin da ke ajiye musu shafin ya ce ko a koma sabuwar siga kafin ƙarshen wata, ko ya rufe shi. Ƙarshen watan kuwa shi ne lokacin da kogi ke cika ya tumbatsa.

Makonni ta yi tana aikin a kwafin gwaji, komai yana tafiya daidai. Yau da ta ɗora shi a ainihin shafin, ya ƙi tashi.

Ta bi sawun matsalar har ta kai ga wani guntun aiki da Abdulmannan ya rubuta. Shi ya gina shafin tun lokacin da wata ƙungiyar agaji ke ɗaukar nauyinsu, shi kuma ya kawo ta ofishin tana sabuwar gama makaranta. Ya ce ta riƙe masa na ɗan lokaci, zai je Abuja ya dawo. Shekara ta biyar ke nan. Ta kira shi ba ta sa ran zai ɗauka ba, sai kuwa ya ɗauka. Bayan gaisuwa ta faɗa masa halin da ake ciki. Ya yi dariya kaɗan, ya ce shi kansa ba ya tuna abin da ya rubuta a wurin, a gurguje ya haɗa shi wata damina da ruwa ya matsa. Ya tambaye ta ko ta ajiye kwafin tsohon. Ta ce ta ajiye.

"To mayar da shi, Ummu. Ki ɗauki jakarki ki tafi," in ji shi. "Ranar da za su rufe, kina Kano. Ba wanda zai ce laifinki ne."

"Kai ma haka ka yi?"

Ya ce, "Ni na samu wadda na bar wa."

Bayan ta ajiye wayar ta daɗe tana kallon fayil ɗin tsohon kwafin. Latsawa biyu ne, shafin ya dawo yadda yake jiya, da kafarsa da komai. Zai yi aiki har ƙarshen wata. Daga nan wata safiya wakilai su bugo waya, a rasa inda za a shigar da awon.

Ba ta mayar ba. Ta shiga bin rubutun Abdulmannan layi bayan layi, fanka na juyawa a hankali saboda hadari ya rufe rana, sola ba ta kawo wuta sosai. Ƙasa kuwa masu kura suna ta ihun a ba su hanya, ana sauke kwalayen busasshen kifi. Sai da aka kira azahar ta gano abin: yana neman lambobin mutane a wani wuri da sabuwar sigar ta daina ajiye su. Ta gyara, ta yi salla a kusurwar ɗaki, ta dawo ta latsa. Shafin ya buɗe. Ta tura saƙon gwaji, wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Ta jingina da kujera ta rufe ido. A ranta har ta ga kanta a mota, an wuce gada.

Daidai nan Malam Ɗanladi ya hawo, yana haki saboda matakala. Shi ne sakataren ƙungiya, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, kuma shi zai riƙe shafin bayan tafiyarta, domin ƙungiya ba ta da halin ɗaukar wani. Tun rani take koya masa. Turancin allo yana ba shi wahala, idonsa kuma ya yi rauni, amma ya haddace wuraren: na uku daga hagu, sai koren akwati, sai na ƙasa. Da haka ya iya shigar da awo da ƙara lambar mutum ba tare da ta sa masa hannu ba, har yana alfahari da hakan a masallaci.

Tare da shi akwai Baba Gana, mai unguwar wani ƙauye da ke bayan ciyawar kacala mai toshe hanyar kogi, inda ruwa ke fara ci duk shekara. Wayarsa ta faɗa ruwa wajen hawa kwalekwale, ya yi sabon layi, shi ne ya zo a sa masa sabuwar lamba. Ya zauna a benci ya ce ruwa ya fara shiga shinkafar mutanen gangare, kuma hadarin gabas ɗin nan bai yi masa ba.

Ummussalma ta tashi daga kujera. "Malam, bisimilla. Kai za ka sa."

Malam Ɗanladi ya zauna da fara'a, ya gyara tabarau, ya kama linzamin. Fara'ar ta ɗauke. Abubuwan da ya sani a sama sun koma gefe. Koren akwatin babu shi. Ya kai kibiya na uku daga hagu ya latsa, wani shafi da bai taɓa gani ba ya buɗe. Ya koma baya, ya latsa wani. Ta nuna masa da yatsa, ya bi, amma da ta janye yatsar sai ya tsaya. Sun yi haka sau da yawa. Can ya latsa wani abu, allo ya tambaya ko ya tabbata yana son goge duk lambobin ƙauyen Baba Gana, shi kuwa ya nufi amsar da ke dama, domin a tsohon shafi a nan ake adanawa. Ta dafe linzamin kafin ya latsa.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Bai dube ta ba.

"'Yata, ba za a iya mayar da wancan ba? Wancan na iya shi."

Ta yi masa bayanin kamfani da ƙarshen wata, bayanin da ta riga ta yi wa shugabannin ƙungiya a taro, suka ce Allah ya yi mata albarka, ita ta san abin da ya dace. Ya gyaɗa kai. Ya ce kada ta damu, ta tafi abinta, zai riƙa kiranta a waya tana kwatanta masa. Su biyun sun san yadda layin waya yake yi ranar da ake ruwa, kuma ranar ce ake buƙatar shafin. Baba Gana bai gane abin da ake ciki ba. Ya miƙo takardar da aka rubuta masa lambar, ya tambaya ko an sa. Ta karɓa ta sa da kanta, a tsaye, cikin ƙiftawar ido. Wayar tsohon ta yi ƙara a aljihu, saƙon gwaji ya shigo. Ya ji daɗi, ya sa mata albarka, ya ce yanzu zai iya barci. Ya sauka don ya kama kwalekwale kafin ruwa ya tsuge.

Da aka kira la'asar Malam Ɗanladi ya tafi masallaci. Ta tsaya a taga. Daga nan ana hango rufin motocin tasha, ana ɗaura kaya. Ta lissafa abin a ranta ta kowace fuska. In ta mayar da tsohon, Malam zai iya, amma shafin zai mutu a tsakiyar ambaliya. In ta bar sabon, shafin zai rayu, ba mai iya taɓa shi. Da ba ta yi aikin da kyau ba, da tuni tana tasha.

Usaini ya kira ya ji ko ta shiga mota, ya ce Amira tun safe take leƙa ƙofa. Ta faɗa masa komai, a hankali, kamar mai karanta wa wani saƙo. Ta ce Malam yana buƙatar lokaci kafin hannunsa ya saba, za ta zauna wajen Iya, mahaifiyarta, har ruwa ya janye. Ya tambaye ta batun Litinin. Ta ce za ta rubuta musu. Ya ce ta san ba za su sake jira ba. Ta ce ta sani.

"Bara ma cewa kika yi sai ruwa ya janye," in ji shi. Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Baban Amira, ka ba ni ita mu gaisa."

Ya ce ta fita wajen maƙwabta. Suka yi sallama.

Malam Ɗanladi ya dawo ya ga akwatunan suna nan inda suke. Ya buɗe baki zai yi magana, ta jawo masa kujera, ita ta ɗauko benci ta zauna a gefensa. Ta ce yau abu ɗaya kawai za su koya, shigar da awon ruwa, gobe su ƙara wani. Ruwa ya fara sauka a kan kwano, ta miƙe ta rufe taga. Ɗakin ya yi duhu, ya yi zafi.

Ya kama linzamin. Ya sami wurin farko da kansa, ya sami na biyu. Kafin ya kai na uku wani rawayan layi ya fito a saman allo. Ya janye hannu da sauri.

"Me na kuma taɓa?"

Ta matso ta karanta. Sanarwa ce cewa an fitar da wani sabon gyara na manhajar, ana shawartar masu shafi su ɗora shi ba tare da ɓata lokaci ba.

"Ba kai ba ne, Malam," ta ce. "Wannan nawa ne."

Ta rufe sanarwar, ta mayar masa da linzamin.

"Mu koma farko."