Layin Mutanen Dawei

Daw Ngwe Sein ta baro Dawei ta ƙasar Bama, ta sauka Mahachai, wani garin masunta a maƙwabciyar ƙasa, neman ɗanta Soe Naing, wanda ya daina kiran gida. Neman bai yi wuya ba, domin baƙin garin kowa da layinsu: 'yan Kambodiya bakin ruwa, mutanen Dawei bayan gidan ƙanƙara.

Tana shiga layin mutanen Dawei, wata mai suyar kifi ta ƙura mata ido, ta sauke kasko daga wuta.

"Inna, ke ce mahaifiyar dogon nan? Hancinku ɗaya."

"Yana ina?"

"Jirginsu na kamun kifi ya dawo tun damina, Inna. Ba ya ciki."

Daw Ngwe Sein ta zauna a ƙasa, rungume da kwalbar yajin da ta daka masa. Matan layin suka riƙa fitowa suna zama kusa da ita.