Raɗin Sunan Ruɓa

Jiya na yi wani mafarki da har yanzu haushinsa bai sake ni ba.

Na ga kaina a ɗakin gwajinmu na cututtukan shuka, sai dai ruwan sama daga ƙasa yake tasowa, ya wuce ta rufi. Iya Hansatu tana tsaye da kwanon cayoti, wannan 'yar'uwar kabewa mai koren jiki da take nomawa a gefen rafi. Rabin gonarta ya ruɓe. Sau biyu tana fesa maganin fumfuna, kamar ana zuba ruwa a kwando.

"Ɗan nan, ka faɗa mini sunan abin da ke cin gonata," in ji ta. "Mai magani ya ce sai da suna."

Na ɗauki farantin da na shuka ciwon a ciki, na nufi ofishin shugaba. Akuya ce a kujerar, da tabarau.

"Ranki ya daɗe, suna muke nema."

"Kwana nawa da haihuwa?"

"Huɗu."

"A gidanku ana suna kwana huɗu?" Ta ja takardar da na kawo, ta cinye, ta ce an karɓa.

Sai ga ni a gonar. An shimfiɗa tabarmi, ana rabon goro. Ciwon yana zaune a tsakiya cikin farin zane, fari fat kamar auduga, 'ya'yansa masu wutsiya suna iyo a kwatami daga wannan kunya zuwa waccan.

Na ce, "Kai fumfuna, ka bari mana!"

"Wa kake ce wa fumfuna? Kama da wane ba ta wane. Ni dangin gansakuka ne, a ruwa aka haife ni. Maganin da kuke fesa mini, wanka nake yi da shi."

Raina ya ɓaci. Kwana huɗu ina leƙensa a madubin gwaji, ina auna zarensa, ina zana ƙwansa, yanzu kuma ni zai koya wa asali.

Dangin uwa suka ce sunansu za a sa, dangin uba suka ce ba a isa ba. Sunayen biyu duk na Latin ne, kowanne da maganinsa. Suna cikin musu, cayoti yana faɗowa ɗaya bayan ɗaya, Iya Hansatu tana tsincewa tana zubawa a kwano. Wannan tsintar tata ita ta fi ci mini rai.

Aka nemi ragon suna, aka ce yana taro da shugaba.

Can liman ya iso a kwalekwale. Na ce, "Allah gafarta Malam, don Allah da ƙarfi, zan rubuta."

"Raɗi ake cewa, ba shela ba."

Ya sunkuya. Na kai kunnena har ina taka goron mutane. Ya buɗe baki, ya ja numfashi.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na ɗago kaina daga kan tebur, ana ƙwanƙwasa ƙofa, rana tsaka. Iya Hansatu ce, kwanon ya fi na mafarkin cika. Na waiwaya na dubi farantin, zaren ciwon bai ko kai bakinsa ba.

"An samu sunan?"

"Saura kwana uku, Iya."

Ta dubi kwanon. "To, Allah ya sa a tarar da gonar."