Gwajin Irin Gero a Guci

A daminar 1975 aka ba Dalhatu, malamin gona a Magariya, buhu biyu na sabon irin gero, aka ce ya gano ko ya fi na gargajiya. Ya hau mobilet ɗinsa ya raba wa manoma goma sha biyu a ƙauyukan Kwaya da Guci. Ya roƙi kowa ya raba gonarsa biyu, sabo a gefe, tsoho a gefe, kuma ya ƙirga dammunan kowanne dabam.

Da kaka ta yi ya koma da littafinsa. Shanu sun cinye rabin gonar Hambali. Wani dattijo ya zuba duka a rumbu ɗaya. Mainassara kuwa ya tarye shi da fara'a.

"Malam, naka ya ninka namu! Duk takin gidana shi na zuba wa, don kada ka ji kunya."

Dalhatu ya dafe kai. "Haba Baba! To yanzu iri ne ya yi, ko taki?"

Gonaki tara suka rage. A shida sabon ya ɗan fi, a uku ya kasa, kuma ruwan da ya sauka a Kwaya bai kai Guci ba.

"Ya fi ko bai fi ba?" in ji shugabansa a biro, wato ofishinsu.

"Ranka ya daɗe, ban sani ba. Bambancin ƙarami ne, ruwa da ƙasa sun rufe shi. Ko iri ɗaya aka shuka gefe biyu, ana iya samun haka. A ba ni gonaki arba'in baɗi."

Shugaban ya yi tsaki, amma ya sa hannu.

Shekarar da ta biyo Dalhatu ya rame a kan hanya. Shi ya kafa turakun iyaka, shi ya jefa dala ta ƙarfe sama don zaɓen gefen da sabon zai zauna, shi ya tsaya aka ƙirga. A gonaki talatin da ɗaya sabon ya fi, wajen dami ɗaya cikin goma. Wannan kam ba sa'a ba ce.

Ya tara mutanen Guci ya faɗa musu. Wata tsohuwa, Ƙande, ta ce, "Ɗana, karansa gajere ne. Da me za mu yi darni?"

Mutum huɗu kaɗai suka karɓi irin. Dalhatu ya ɗaure sauran a bayan mobilet, bai ko tsaya shan fura ba.