Masarar da Ke Saman Murhu

Su biyu ne a gidan, uwa da 'yarta, wadda kowa ke kira 'Yar-baba saboda yadda take manne wa mahaifinta kafin ya rasu. Suna da gona, suna da fartanya, suna da tukunya. Abin zubawa a tukunyar ne babu. Masara ce abincinsu safe da yamma, buhun kuwa ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba.

A saman murhu akwai damin masara a rataye. Mahaifin ne ya zaɓi manya-manyan a girbinsa na ƙarshe, ya rataye su inda hayaƙi zai hana ƙwari ci. Ba wanda ya taɓa gaya wa yarinyar dalili.

Da zazzaɓi ya kwantar da uwar, ga yunwa, sai 'Yar-baba ta taka turmi ta sauko da damin. Ta murje shi tas a ƙwarya, yatsunta har suka yi ja, ta nufi wurin mai injin niƙa.

"Yau uwargida ce da kanta?" in ji shi, yana juye ƙwaryar a bakin inji. "Wannan masara kamar haƙoran amarya, ina kika samo?"

"Ta Babana ce."

Ya shinshina ƙwayar da ta maƙale a tafinsa, ya ji hayaƙi. Ya kai hannu zai kashe injin, amma gari ya riga ya fara zuba. Bai ƙara yi mata wasa ba, bai kuma karɓi komai ba.

Ta tuƙa garin, ta kai ɗaki. "Mama, tashi ki ci."

Uwar ta dubi kwanon, ta leƙa ta ƙofa ta ga igiya tana lilo saman murhu. Ta gutsuri loma ɗaya, ta ajiye kwanon.

"Bai yi daɗi ba ne?" in ji 'Yar-baba.

"Ya yi, 'yata. Matso mu ci tare."

Uwar ta cinye rabonta.

Da ruwan shuka ya sauka, maƙwabta suka fita da ƙoren irinsu. Uwar ta ɗauki fartanya ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, sannan ta jingine ta da bango. A nan yarinyar ta gane cewa irin shukarsu ta dafa, kuma mahaifiyarta ta sani tun kafin ta kai lomar farko baki.